Sisi a kowace mil: yadda mita ta shiga tsakanin direba da fasinja

A ƙarshen watan Yulin 1853, masu keken doki na haya a birnin Landan suka tsunduma yajin aiki. Majalisar dokokin Birtaniya ce ta rage kuɗin hawa daga kwabo takwas zuwa sisi a kowace mil. Bayan 'yan kwanaki aka sassauta musu: duk mil ɗin da aka yi bayan an wuce mil 4 daga Charing Cross, sule guda za a biya.

Doka ta yanke farashi, amma ba ta tanadi abin auna nisan tafiya ba. Mai keke ya ce mil 2 aka yi har da ɗoriya, fasinja ya rantse ba a kai ba, sai a dangana da kotu. A shekarun 1870 wata mata mai suna Caroline Prodgers ta yi fice a wannan fage. Ta haddace jadawalin kuɗin hawa, takan sauka daidai inda kuɗin zai ƙaru, wanda ya nemi ƙari kuwa ta kai shi gaban alƙali. Ta yi ƙarar fiye da mutum 50. Har ta kai ga masu keke na watsewa daga tasha idan suka hango ta.

Maganin ya fito daga Jamus. A 1891 Friedrich Wilhelm Gustav Bruhn ya ƙera mita mai lissafa kuɗi bisa nisa da lokaci, kuma a 1897 motar haya mai ɗauke da ita ta fara aiki a Stuttgart. A 1907 Landan ta wajabta wa motocin haya sanya ta. Daga sunan na'urar kalmar tasi ta samo asali. Direbobi da dama ba su yi maraba da ita ba, domin ta toshe ƙofar ciniki, ta kuma nuna wa mai mota ainihin abin da aka samo a yini.

Gardamar ba ta mutu ba, ta dai koma kan na'urar kanta. A 2015 Babbar Kotun Ingila ta yanke hukuncin cewa wayar da direban Uber ke amfani da ita ba mita ba ce, domin a wata kwamfuta can nesa ake lissafin kuɗin. Prodgers ta iya haddace jadawalin zamaninta saboda an buga shi a fili. Fasinjan manhaja kuwa jimilla kawai yake gani, ƙa'idar da ta haifar da ita tana hannun kamfani.