OneCoin: Tarihin Kuɗin Da Babu Shi, Da Takardar Halal Da Aka Yafa Masa

Ƴan'uwa masallata da ɗalibanmu, filin tarihi ya saba kai mu ƙarnoni baya, amma wannan karon ba za mu yi nisa ba. Shekarar 2014 za mu koma, birnin Sofiya na ƙasar Bulgariya, inda aka ƙulla ɗaya daga cikin manyan damfarar da aka taɓa yi da sunan kuɗin intanet. Mun zaɓi labarin ne saboda ƙofar da ya bi ya shiga gidajen mutane: ƙofar dangi, da abokan ibada, da wata takarda mai cewa abin ya dace da shari'a.

Kafin mu kai ga jabun, bari mu ɗan san na asalin. A 2008 wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da bayanin wani sabon kuɗi mai suna Bitcoin, kuma ya fara aiki a watan Janairun 2009. Ba takarda ba ne, ba ƙarfe ba ne, ba kuwa wani banki a bayansa. To me ya hana mutum ya zauna ya rubuta wa kansa miliyan? Littafin lissafi ne ya hana. Duk cinikin da aka yi ana shigar da shi a kundi guda, kundin nan kuma dubban kwamfutoci a faɗin duniya kowace tana riƙe da irinsa, kowa yana iya buɗewa ya duba. Wanda ya goge wani abu a nasa, sauran za su ƙaryata shi. Shi ne ake kira bulokcen. An kuma ƙayyade cewa adadin Bitcoin ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba. Malamai sun yi saɓani a kansa: Muftin Masar na wancan lokaci, Shaihu Shauƙi Allam, ya haramta mu'amala da shi, majalisar malaman Indonesiya ma a 2021 ta haramta amfani da irinsa a matsayin kuɗi, wasu kuma sun halatta da sharuɗɗa. Ba wannan saɓani muka zo warwarewa ba. Abin riƙewa shi ne, ko wanda ya haramta Bitcoin bai ce kundinsa babu ba.

Matar da ta kafa OneCoin sunanta Ruja Ignatova. An haife ta a Bulgariya a 1980, iyayenta suka yi ƙaura da ita zuwa Jamus tana ƴar shekara goma. Ta yi karatu na gaske: digirin dakta a fannin shari'a daga jami'ar Konstanz, ta je Oksford, ta yi aiki da kamfanin McKinsey. Shi ya sa mabiyanta ba sa kiranta sai Dakta Ruja. Abin da ba a faɗa a wurin tallar shi ne, wata kotu a Jamus ta same ta da laifin zamba a kan wata masana'anta da ita da mahaifinta suka saya ta durƙushe, aka yanke mata ɗaurin wata 14 amma aka jingine shi. Abin da ake nuna wa jama'a kuwa hotonta ne a bangon mujallar Forbes ta Bulgariya, wanda daga baya aka gano talla ce aka biya kuɗi aka buga. Abokin kafa kamfanin, Karl Sebastian Greenwood, shi kuma gwani ne a irin kasuwancin nan na kawo-mutum-a-ba-ka-la'ada.

Ga yadda cinikin yake. Ba a ce maka zo ka sayi kuɗi ba. Ana ce maka zo ka sayi darasi, wai karatun sanin harkar dukiya. Ƙaramin ƙunshi yuro 100, wato jika 65 da ɗoriya a kuɗinmu na sefa. Manya kuwa har akwai na yuro 118,000, fiye da sefa miliyan 77. Kowane ƙunshi yana zuwa da wasu tikitoci, a ce da su za a "haƙo" maka OneCoin. Sai ka buɗe shafinka a waya ka ga lambobi suna hawa. Farashin da kamfanin ke nunawa ya tashi daga rabin yuro har ya kai kusan yuro 30 a farkon 2019, kuma bai taɓa sauka ba. Ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da ko buhun gero ne ya san babu hajar da farashinta ke hawa kullum ba ya sauka. Darussan kansu, waɗanda suka bincika sun tarar an kwaso yawancinsu ne daga rubuce-rubucen wasu.

Sannan ga la'ada. In ka kawo mutum ya saya, kana da kaso, in shi ma ya kawo wani, kana da wani kason. To wa mutum zai fara kawowa? Ai ba baƙo ba. Matarsa, ƙaninsa, surukinsa, wanda suke sahu ɗaya. Wata mata a birnin Gilasgo na Birtaniya ta zuba kimanin yuro 10,000 nata, har da gadon mahaifinta, ta kuma jawo ƴan'uwa da abokai suka zuba kimanin yuro 250,000. Ba da niyyar cuta ta yi ba, ita a ganinta alheri ta samu ta ƙi ci ita kaɗai. Daga baya ita ce ta zama ɗaya daga cikin masu tona asirin kamfanin. Wannan shi ne mugun ƙullin da ke cikin tsarin: wanda aka cuta shi ne kuma hannun da aka cuci na kusa da shi, don haka ranar da abu ya fashe ba ya iya ɗaga murya, kunya ta riga ta ɗaure masa baki.

A watan Yunin 2016 Dakta Ruja ta hau dandamali a babban zauren Wembley na Landan, gaban dubban mutane, cikin doguwar riga ja. Ta ce kuɗinta ne zai kashe Bitcoin, nan da shekara biyu ba wanda zai ƙara ambatonsa. A wannan shekarar ne kuma kamfanin ya ƙara adadin OneCoin daga biliyan 2.1 zuwa biliyan 120, ya ninka wa kowa abin da ke shafinsa, farashi kuma bai motsa ƙasa ba. Jama'a suka yi ta tafi. Ku dubi wannan da kyau fa: haja ta ninku fiye da sau hamsin a kasuwa, wai kuma darajarta tana nan. Da a ce akwai kasuwa ta gaske, da ranar aka gane.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Musulmi da yawa, musamman a Birtaniya, tambayarsu ta farko ita ce: halal ne? Masu tallar sun san za a yi tambayar, sai suka riƙa yawo da wata takardar shaida mai cewa OneCoin ya dace da shari'ar Musulunci. Babu riba a ciki, in ji su, ilimi kake saya, tikitocin kyauta ce. Mutumin da ya ƙi ajiye kuɗinsa a banki don tsoron kuɗin ruwa, shi ne ya kwashe su ya miƙa da murna. Kuma ba Musulmi kaɗai aka yi wa wannan dabara ba. A tsibirin Samowa da ke tekun Fasifik, babban bankin ƙasar ya ce a 2019 an bi ta wasu coci-coci biyu wajen tara kuɗin, kodayake shugabanninsu sun musanta laifi. Ko'ina salon ɗaya ne: a nemi wurin da mutane suka yarda da juna saboda Allah, a shiga ta nan.

Ɗalibanmu da suka kai babin ciniki a Risala ko Muhtasar sun san malamanmu na Malikiyya sun gindaya wa abin sayarwa sharuɗɗa. Daga ciki, ya zama sananne ga mai saye da mai sayarwa, ya zama mai amfani, ya zama kuma ana iya miƙa shi. Sun san hanin da ya zo a kan cinikin garari a hadisin Abu Huraira (RA) da ke Sahihu Muslim, kuma misalin da ake ba mu a zaure tun muna yara shi ne kifi a ruwa da tsuntsu a sama. To kifin nan dai akwai shi, kamawa ce ba tabbas. OneCoin ko kifin babu. Ita kuma maganar wai darasi ake saya, malamai suna duba abin da aka nufa da ciniki, ba sunan da aka raɗa masa ba. Wa zai ba da sefa miliyan 77 don karatun da aka kwaso daga intanet? Dillanci halal ne, ba mai musu, amma la'adar dillali daga ciniki na gaske take fitowa. A nan daga uwar kuɗin sabon shiga ake yanko ta.

Game da takardar shaidar kuwa, mu a ganinmu ko da malamin kirki ne ya sa mata hannu, ba ta wanke komai ba. Mai fatawa yana amsa tambaya ne gwargwadon yadda aka siffanta masa al'amarin. In aka ce masa ga kuɗi mai kundi, ana haƙo shi, ana saye da sayarwa da shi, ya ce ya halatta, to wancan abin da aka siffanta ya halatta, ba wanda ke Sofiya ba. Sanin ko akwai kundin ko babu aikin masana kwamfuta ne, kamar yadda alƙali ke kiran maƙerin zinariya ya gwada masa awarwaro kafin ya yi hukunci.

Masanin kuwa ya zo. A ƙarshen 2016 aka tuntuɓi wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Bjorn Bjercke, gwanin bulokcen, aka yi masa tayin albashi mai tsoka. Da ya tambayi aikin, sai aka ce ya zo ya gina wa OneCoin kundi. Kamfanin da ya shekara biyu yana sayar da kuɗin! Ya ƙi aikin, daga baya ya fito ya faɗa wa duniya. Abin da ke akwai rumbun bayanai ne na kamfani, suna rubuta lambar da suka ga dama. Kamar uwar adashi ce da littafi da alƙalami duk suna hannunta, ba mai leƙawa, kullum tana ce maka rabonka ya ƙaru, amma ranar kwasa ba ta zuwa. Wasiƙun da masu gabatar da ƙara na Amurka suka kai kotu sun nuna tun 2014 Ruja ta rubuta wa Greenwood cewa ɗaya daga cikin hanyoyin fita shi ne a kwashi kuɗin a gudu a ɗora wa wani laifin. Shi kuma a wani saƙo ya kira masu zuba kuɗin wawaye.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1920 Charles Ponzi ya yi ta a birnin Boston, yana alkawarin ribar rabin uwar kuɗi cikin kwana 45, yana biyan na farko da kuɗin na baya. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana irinta a hannun MMM ta Sergei Mavrodi, mai alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, wadda ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Abin da Ruja ta ƙara shi ne kalmomin da mai saye ba ya ganewa, yana kuma jin nauyin ya ce bai gane ba.

Ƙofa ɗaya tak ake da ita ta mayar da OneCoin kuɗin hannu, wani shafi na kamfanin mai suna xcoinx, shi ma an ƙayyade ɗan abin da mutum zai iya fitarwa. A Janairun 2017 aka rufe shi, wai gyara ake. Ba a sake buɗewa ba. Hukumomi suka fara motsi: Italiya ta hana tallarsa, Jamus ta toshe asusun da ake tara kuɗin, ƴan sandan Indiya suka kama mutum 18 a wani taron talla a watan Afrilu, Sin kuma ta gurfanar da mutum 98. Duk da haka ciniki bai tsaya ba, domin an riga an koya wa mabiya cewa duk mai suka mahassadi ne ko ɗan koren bankuna, kada a saurare shi. Sun kira kansu iyali guda, har da alamar hannu da suke gaisawa da ita.

A watan Oktoban 2017 aka tara jama'a a Lisbon ana jiran Dakta Ruja, ba ta zo ba. Ta riga ta gano cewa wani Ba'amurke na kusa da ita yana ba hukumar FBI haɗin kai. Ranar 25 ga watan ta hau jirgin Ryanair daga Sofiya zuwa Atina ta ƙasar Girka, daga nan ba a sake ganinta a fili ba. Ƙaninta Konstantin Ignatov ya hau kujerar, har aka kama shi a filin jirgin Los Anjalas a Maris 2019, ya amsa laifi, ya ba da shaida a kan sauran. Greenwood an kamo shi a Tailan a 2018, aka yanke masa shekara 20 a Satumbar 2023. Wani lauya, Mark Scott, da ya wanke kimanin dalar Amurka miliyan 400, ya samu shekara 10. Lissafin masu gabatar da ƙara ya nuna daga ƙarshen 2014 zuwa ƙarshen 2016 kaɗai an karɓi fiye da dalar Amurka biliyan 4 daga mutum aƙalla miliyan uku da rabi. Ita kuwa Ruja, FBI ta sa ta cikin mutum goma da ta fi nema a Yunin 2022, kuma a 2024 Amurka ta kai ladan wanda ya taimaka aka kama ta dala miliyan 5.

Ɓacewarta ba ta tsayar da tallar ba. Da kasuwar Turai ta yi sanyi, sai aka ƙara matsawa ƙasashen da labarin bai kai ba. A 2019, shekara biyu da guduwarta, ƴan jaridar BBC suka je Yuganda suka tarar ana nan ana sayar da ƙunshin darasi. A wani ƙauye suka haɗu da wani saurayi da ya sayar da awaki ya shiga, sannan ya shawo kan mahaifiyarsa ta ba da kuɗin da ta daɗe tana tarawa don ta yi rumbun ajiyar masara. Shi ya riga ya fahimci kuɗin sun tafi. Ita kuwa tsohuwar tana zaune tana jiran ranar kwasa, domin har ranar da baƙin suka iso ya kasa buɗe baki ya gaya mata.