Abin da Ƙasusuwan Broadway Suka Faɗa

A shekarar 1991, ana haƙa tushen wani dogon ginin gwamnatin Amurka a titin Broadway na birnin New York, sai aka ci karo da kaburbura. Ashe maƙabartar baƙar fata ce, bayi da 'yantattu, wadda aka rufe wajen 1794, birni ya bi ta kanta ya manta da ita. An tono mutum 419 kafin baƙar fatar birnin su tayar da jijiyar wuya a tsayar da aikin. Suka dage sai an miƙa ƙasusuwan ga Jami'ar Howard, ƙarƙashin masani Michael Blakey. A ganina sun yi daidai, domin mai taɓa gawar kakan wani ya kamata ya fara jin ta bakin jikoki.

An daɗe ana ɗauka cewa bauta ta kudancin Amurka ce, can gonakin auduga, ta arewa kuwa mai sauƙi ce. Ƙasusuwan nan suka ƙaryata. Wajen kashi 40 cikin ɗari na mamatan yara ne, kuma haƙoran da yawa na ɗauke da layukan da yunwa ko cuta ke bari. A jikin manya, maza da mata, wuraren da tsoka ke manne da ƙashi sun ci wuya saboda ɗaukar kaya masu nauyi. Wata matashiya an same ta da harsashi a haƙarƙari, ƙashin fuskarta a karye.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce matar kabari mai lamba 340. An fiƙe haƙoranta na gaba irin na wasu ƙabilun Afirka, kuma a ƙugunta akwai jigida ta duwatsun ado fiye da 100, haɗe da wuri. Wani ne ya bar mata ita, ko ya ɗaura mata, a garin da doka ta hana jana'izar bawa da dare, ta kuma ƙayyade masu rakiya kada su wuce 12. Duk da wannan takura, kusan kowa an saka shi a akwati, kai na yamma, da yawa cikin likkafani da aka maƙale da allura.

A watan Oktoba na 2003 aka mayar da su ƙasar da aka tono su, cikin ƙananan akwatunan katako da aka sassaƙa a Ghana.