Tarihin Robar Ƙirji: Kwalbar Ruwan da Ke Ƙarƙashin Gado

Yau tarihin robar nan zan ba ku, wadda ake soka wa majinyaci a haƙarƙari a jona ta da kwalbar ruwa. Duk wanda ya taɓa jinya a Barau Dikko ko asibitin 44 a nan Kaduna, wataƙila ya gan ta.

Ku fara gane wannan: huhu a rufaffen ɗaki yake zaune. Idan iska, jini ko mugunya suka taru tsakaninsa da bangon ƙirji, sai su matse shi, numfashi ya gagara. To a huda a fitar mana? Nan gizo ke saƙar. Da ka huda, iskar waje za ta ruga ciki, huhun ya ƙara motsewa. Tun zamanin Hippocrates na Girka, sama da shekara 2,000 ke nan, likitoci ke fama da wannan.

A 1875 wani likitan Jamus, Gotthard Bülau, ya tsoma bakin robar cikin kwalbar ruwa. Abin da ke ƙirji ya fito, ruwan kuma ya hana iska komawa. Amma da yawa ba su ɗauka ba, sai da annobar murar 1918 ta zo, wadda ta bi layin dogo daga Legas har nan Arewa. A barikokin sojan Amurka, wajen 30 cikin 100 na sojojin da mugunya ta taru musu a ƙirji mutuwa suke, lokacin da ake saurin buɗe ƙirjin. Kwamitin da Evarts Graham ke ciki ya ce a daina, a zuƙe ba tare da an bar iska ta shiga ba. Mace-macen suka dawo ƙasa da 5 cikin 100.

Sai 1953, Sven Seldinger na Suwidin ya kawo dabarar soka allura, a zura waya, a bi wayar da siririyar roba. Da ita ake saka ƙananan robobin yau masu nannaɗadden baki, ciwonsu bai kai na manyan ba. Babbar ma tana nan, musamman in jini ya cika ƙirji bayan haɗarin mota.

Abin da ya sa na kawo wannan: mu nan mun saba da sakiya. Ƙurji ya nuna, wanzami ya huda, shi ke nan. Amma ƙirji fa ba ƙurji ba ne. In ɗan'uwanka ya faɗi a babur yana haki, ko mai tarin tibi numfashinsa ya yi sama, kada a kira wanzami, kada a tsaya shafa magani. A kai shi asibiti a yi hoton ƙirji. In likita ya ce za a saka roba, kar ku gudu da shi.

Ku tura wa wani. Allah Ya ƙara mana lafiya, sai mun haɗu a shiri na gaba.