Dogari, Ɗan Doka da Raddul Mazalim a Masarautar Daura

A cikin Diya'ul Hukkam, wanda ya wallafa a Kano, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya sanya raddul mazalim cikin muƙaman mulki, domin talaka ya sami inda zai kai ƙarar mai iko. A zamanin En'e, lokacin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya rasu a 1966, 'yan doka sun gaji aikin dogarai a ƙasar da Babban Mutum ke cikinta. Raunin tsarin shi ne, hukumar da ke ba su umarni ita ke sauraron ƙarar da aka kai a kansu. Gwamnatin Gowon ta narkar da su cikin 'yan sandan tarayya, amma hukuncin fiƙihu bai sauya ba: wanda ya ƙetare haddi wajen duka, kaki ba ya ɗauke masa ƙisasi ko diyya.