Ƙananan Jiragen Yaƙi da Masu Sanin Ruwa: Daga Tsibiran Solomon zuwa Gulbin Zamfara

Daga cikin jiragen ruwan da Amurka ta yi amfani da su a Yaƙin Duniya na Biyu, akwai ƙaramin jirgin harba tofido, wanda ake kira PT, mai jefa ran matuƙansa cikin babban hatsari. Tsawonsa kimanin mita 24 ne, jikinsa katako ne, injuna uku na kamfanin Packard ke tura shi, yana ɗauke da galan 3,000 na fetur mai saurin kama wuta da tofido huɗu, wato nakiyar da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa ta fasa cikin babban jirgi. Mutum goma sha biyu zuwa sha huɗu ke zaune a cikinsa. Ba shi da sulken ƙarfe. Gudu da duhun dare su ne garkuwarsa, shi ya sa ake fita da shi bayan faɗuwar rana, a rage ƙarar inji, a laɓe a mashigar da ake zaton jiragen abokan gaba za su bi.

Hujjar wannan maƙala ita ce: irin wannan yaƙi na ƙananan jirage bai taɓa tsayawa a kan inji da makami kaɗai ba. Ya dogara ne ga mutanen da suka san ruwan wurin, kuma su ne waɗanda littattafan tarihi suka fi saurin mantawa da su. Yammacin Zamfara na da irin waɗannan mutane, ya kamata masana su ɗauke su da muhimmanci.

Labarin jirgin PT-109 ya isa shaida. Da tsakar daren 2 ga Agusta 1943, a mashigar Blackett da ke tsibiran Solomon, jirgin yaƙin Japan mai suna Amagiri ya banke shi ya raba shi biyu. Kwamandansa shi ne John F. Kennedy, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. Biyu daga cikin mutum 13 suka mutu nan take. Sauran suka yi iyo na sa'o'i zuwa wani ɗan tsibiri, Kennedy na jan mai kula da inji, Patrick McMahon, wanda wuta ta ƙona, ya riƙe igiyar rigar ceton mutumin da haƙoransa. Duniya ta san wannan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne rundunarsu ta riga ta fid da rai da su. Wasu samari biyu 'yan tsibiran, Biuku Gasa da Eroni Kumana, su suka same su a cikin kwalekwalen da aka sassaƙa daga gungumen itace, suka karɓi saƙon da Kennedy ya kankara a ɓawon kwakwa, suka tuƙa fiye da kilomita 50 ta ruwan da Japanawa ke sintiri. Ranar 8 ga Agusta aka kwashe mutanen. Ɓawon kwakwar ya zauna a kan teburin shugaban ƙasa a fadar White House, masu kwalekwalen kuwa suka ƙarasa rayuwarsu a ƙauyukansu.

Wani zai ce me ya haɗa wannan da Anka da Gummi da Bukkuyum, ƙasar da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku? Tambayar tana da ƙarfi, amma ta manta da abu biyu.

Na farko, yaƙin ya iso har nan. A lokacin waɗannan garuruwa suna ƙarƙashin Lardin Sakkwato, kuma daga lardunan Arewa aka ɗebi kaso mai yawa na sojojin da suka cika runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka kai ƙasar Bama. Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya ta wancan lokaci. A farkon 1944 runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan, inda babu hanyar mota, sai abin da jirgin sama ya jefo da abin da aka ɗora a kan kwalekwale da gora da aka ɗaure. A kan wannan kogi ne Japanawa suka yi wa wata ƙungiyar masu jinya kwanton ɓauna a watan Maris 1944. Isaac Fadoyebo, ɗan Najeriya, da David Kargbo, ɗan Saliyo, suka tsira da raunuka, wani baƙauye Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye su watanni a gidansa. Nan ma ɗan ƙasa ne ya ceci sojan da aka kawo daga nesa. Mun san labarin ne domin Fadoyebo ya rubuta shi. Mazan jiya na ƙasar Hausa, mafi yawansu da baki suka ba da nasu, a zaure da bakin kasuwa, kuma sun tafi da shi kabari sai abin da 'ya'ya da jikoki suka riƙe.

Na biyu, ƙasar nan ba baƙuwar jirgin yaƙi ba ce. Sonni Ali na Songhai ya gina ƙarfinsa a ƙarni na 15 a kan rundunar jiragen kogin Kwara, kuma masuntan Sorko ne ƙashin bayanta. Jikokinsu, Sarkawa, suna nan a ƙasar Kabi da Yawuri. Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ta yankin Anka ya bi ta Gummi kafin ya haɗu da Gulbin Kabi, reshe ne na wannan duniyar ruwa. Sarautar Sarkin Ruwa ba ado ba ce, matsayi ne na mai ilimi.

A duba mai fito a mashigin Gummi cikin watan Agusta. Kafin ya saki igiya yakan tsaya ya kalli launin ruwan da irin tarkacen da yake ɗauke da shi, daga nan ya san ko an yi ruwa a gabas cikin dare. Ba ya miƙewa kai tsaye zuwa ƙetare. Sai ya hau sama kaɗan ta gefen gaɓa, sannan ya bar igiyar ruwa ta sauko da shi daidai inda yake so, yana tsawata wa fasinja su zauna a tsakiya. Wannan lissafi ne na gudun ruwa da nauyi da kusurwa, irin wanda ake koya wa hafsan sojan ruwa a aji, sai dai shi a wurin mahaifinsa ya koya. Hatsarin jirgin da ya ci rayukan gomman manoma a Gummi a watan Satumba 2024 ya nuna abin da ke faruwa idan aka bar wannan ilimi shi kaɗai, babu rigar ceto, babu ƙa'idar lodi, babu isassun jirage.

Rundunar sojan ruwan Najeriya, wadda aka kafa a 1956, ita ma ta yi aiki da ƙananan jirage masu gudu da ta samo daga Tarayyar Sobiyet a 1967, shekarar da aka kama Bonny da Kalaba ta ruwa a yaƙin basasa. 'Yan Arewa sun shugabance ta, kamar Murtala Nyako da Awwal Zubairu Gambo. Saboda haka zancen cewa ruwa ba fagen Bahaushe ba ne ba shi da tushe.

Ina kira ga sassan tarihi da na Hausa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, su tura ɗalibai Anka da Gummi da Bukkuyum da na'urar ɗaukar murya. A zauna da sarakunan ruwa da tsofaffin masu fito, a nemi gidajen da aka ajiye lambar yabo ko takardar sallama ta Bama ko ta yaƙin basasa, a rubuta sunayen mutanen da izinin iyalansu. Waɗanda suka ji labarin daga bakin masu shi sun tsufa, aikin ba zai jira wasu shekaru goma ba.