Ƙauyen Myddle: Tarihin Da Aka Rubuta Kujera Bayan Kujera

A aikina na gidan rediyo, da wuya rana ta fito ta faɗi ban karanta sanarwar rasuwa ko ta suna ba. Ana gama shiri, takardar ta shiga kwandon shara. Abin da ya sa na fara damuwa da wannan shi ne labarin wani ƙauye da na karanta, mai suna Myddle, a yankin Shropshire na ƙasar Ingila, arewa da garin Shrewsbury.

A shekarar 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, babban wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umarnin kowace coci ta buɗe kundin da za a riƙa rubuta baftisma da aure da binne gawa. Daga baya, a 1598, aka ce a kwafe tsofaffin bayanan a kan fata, saboda takarda ba ta jure danshi da cin ɓera. Da haka sunayen manoma da maƙera da masaƙa suka tsira a ƙauyuka da dama. Sai dai kundin coci suna da kwanan wata kawai yake bayarwa. Ba ya faɗin wane ne mai kirki, wane ne ya cinye gonar gado.

A nan Myddle ta yi sa'a. Wani manomi mai ilimi ɗan yankin, Richard Gough, wanda aka haifa a 1635, ya zauna rubuta tarihin garinsu a 1700, yana da shekara fiye da sittin. Dabararsa ce ta burge ni. A wancan zamani kowace kujera a coci tana da gidan da ya mallake ta, kuma kusancinta da gaba shi ke nuna darajar gidan. Sai Gough ya zana tsarin kujerun cocinsu a 1701, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana kawo labarin iyalin da ke zama a kowace: asalinsu, aurensu, bashinsu da rigingimunsu.

A cikin littafin ne muka ji abin da yaƙin basasar Ingila, wanda ya ɓarke a 1642, ya yi wa talaka. Gough ya lissafa mutum 20 daga Myddle da ƙauyukan Marton da Newton da suka tafi yi wa sarki yaƙi, 13 daga cikinsu aka kashe. Tarihin fada bai san da su ba, amma maƙwabcinsu ya sani.

To amma akwai inda gizo ke saƙar. Gough bai rufa wa kowa asiri ba. Mashayi ya kira shi mashayi, ɓarawo ya kira shi ɓarawo, su kuma suna kabari, ba su da bakin kare kansu. Ya rasu a 1723, ba a buga littafin cikakke ba sai 1875. Ta yaya za mu tabbatar ba ƙiyayyar maƙwabtaka ce ta riƙe alƙalaminsa ba? Masanin tarihi David Hey ya auna labaran Gough da kundin coci da takardun wasiyya da sauran bayanan da suka rage, ya fitar da littafinsa a 1974, kuma ya samu yawancin abin da tsohon ya faɗa yana da tushe.

Darasin da na ɗauka shi ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kundi ba tare da mai ba da labari ba jerin sunaye ne kawai. Mai ba da labari kuma, in babu kundin da za a auna shi da shi, maganarsa tana iya zama gulma. Myddle ta samu duka biyun, shi ya sa yau, bayan shekara fiye da 300, ake sanin mutanenta gida-gida.

Ni dai tun daga lokacin na daina jefar da takardun sanarwa. Ina tara su a kwali, kowace da kwanan watanta, ko Allah zai kawo wanda zai ba da labarin masu sunayen.