Daga Akwatin Gidan Waya Zuwa Tsakar Gidan Maamobi: Kiristocin Akra da Masu Sabbin Hanyoyin Ruhaniya

Gidan hayar da na taso a cikinsa a Maamobi ɗakuna goma sha biyu gare shi, famfo ɗaya, bayan gida ɗaya. Kusa da ɗakinmu akwai wata baiwar Allah 'yar Bolgatanga, 'yar ɗarikar Katolika, wadda duk Lahadi take zuwa cocin St. Kizito da ke Nima. Mma muke ce mata, kamar yadda 'ya'yanta ke kiranta. Wata shekara babban ɗanta ya dawo hutu daga jami'a da wata sabuwar al'ada. Kafin asalatu sai ya zauna a ɗaki, ya rufe ido, ya riƙa jan sauti ɗaya a hankali: huuu. Mahaifina, wanda Batijjane ne, da ya ji sai ya ce, “Yaron nan zikiri ya fara ne?” Mma kuwa ta yi kwana uku ba ta ci abincin kirki ba. Ƙanwarta, wadda ke zuwa ɗaya daga cikin sabbin majami'un nan masu kiɗa da addu'ar dare, ta zo da fasto da kwalbar man zaitun, wai a fitar da abin da ya shiga yaron.

Daga baya na san cewa Eckankar yaron ya shiga, wata hanya da Paul Twitchell ya kafa a Amurka a 1965, wadda mabiyanta ke rera HU a matsayin tsohon sunan Ubangiji, suna kuma bibiyar mafarkansu. Turawa na jera irin waɗannan hanyoyi a ƙarƙashin sunan New Age, wato ruhaniyar sabon zamani: yin shiru don tattara hankali, yoga, imani da dawowar rai cikin wani jiki, da ɗebo darasi daga addinai daban-daban ba tare da mutum ya ɗaure kansa ga ɗaya ba. Abin da na gani a tsakar gidanmu shi ya sa na bi sawun yadda Kiristocin Akra suka yi mu'amala da masu irin wannan tafiya, kuma sawun ya kai ni nesa fiye da yadda na zata.

Tun zamanin Turawa waɗannan koyarwa suke shigowa, kuma ta gidan waya suka fara shigowa. Akawu da malamin makaranta da soja su ne suka fi aika kuɗi waje a turo musu littattafai. Kamfanin de Laurence na Chicago ya yi suna a Afirka ta Yamma wajen sayar da littattafan asiri da zobba da turare ta wasiƙa. Ƙungiyar Rosicrucian ta AMORC ma ta riƙa aiko da darussa daga San Jose a Kalifoniya, mutum ya karanta a ɗakinsa shi kaɗai. Mafi yawan masu karatun nan 'yan coci ne, an yi musu baftisma, suna rera waƙa ran Lahadi. Saboda haka tun daga farko matsalar ta cikin gida ce ga majami'u. Wanda ake wa faɗa a kai yana zaune a benci na gaba.

A daidai wannan lokaci Nima ke tsirowa. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya samu fili daga gidan Odoi Kwao na Osu, ya zauna da jama'arsa. Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo masu neman aiki a sansanonin soja da ke kusa, unguwar ta cika da Hausawa, Zabarmawa, Mossi, Kotokoli, Yarbawa, Farafara da Ewe. Musulmi ne suka fi yawa, amma tun fil azal akwai Kirista da mai tsafi a cikin layi ɗaya. A shekarun 1940 tsafin Tigari, wanda ya gangaro daga arewa, ya mamaye kudancin ƙasar da alƙawarin kama mayu, majami'u kuma suka yi ta gargaɗin mabiyansu da kada su ci goron Tigari. Wannan ita ce dabarar farko da tsofaffin majami'u suka saba da ita: wa'azi, gargaɗi, da hana mai laifi karɓar jibin Ubangiji har sai ya tuba.

Bayan 'yancin kai a 1957 ƙofa ta ƙara buɗewa wajen gabas. Wani ɗan Senya Beraku da ya tashi a gidan Kirista ya tafi Rishikesh a Indiya neman ilimi. A 1975 aka naɗa shi Swami Ghanananda Saraswati, ya kafa gidan ibadar Hindu na Afirka a Odorkor, nan cikin Akra, ya jagorance shi har rasuwarsa a 2016. Masu zuwa wurin kusan duk 'yan Ghana ne. 'Yan Hare Krishna suka kafa nasu a Medie, kan hanyar Nsawam. Eckankar ta gina ɗakin ibadarta a wajen Legon. A yawan jama'a ba su taka kara sun karya ba. Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci kashi 71.3 cikin ɗari, Musulmi 19.9, masu addinin gargajiya 3.2. Sai dai mabiyan sabbin hanyoyin galibi masu ilimin boko ne, likitoci da lauyoyi da malaman jami'a, shi ya sa ake jin su fiye da adadinsu.

Girgiza mafi girma daga cikin cocin Katolika ta fito. Fada Vincent Kwabena Damuah limamin Katolika ne mai digirin dakta daga Jami'ar Howard ta Amurka. Da Jerry Rawlings ya karɓi mulki a ranar 31 ga Disamba 1981, Damuah ya shiga majalisar mulki ta PNDC, abin da ya haɗa shi da shugabannin cocinsa. A ranar 22 ga Disamba 1982 ya ƙaddamar da Afrikania Mission, ya koma amsa sunan Osofo Okomfo Damuah. Ya ɗauki addinin kakanni ya sa masa tsarin coci: taro ran Lahadi, huɗuba, karatu, tsiyayar da abin sha ga magabata. A lokacin gidan rediyo ɗaya ne a ƙasar, na gwamnati, kuma Afrikania ta samu fili a cikinsa duk mako. Afrikania ba daga Amurka ko Indiya ta zo ba, amma a idon fastoci da yawa ita da Eckankar da yoga duk kanwar ja ce.

Waɗannan fastoci sabon jini ne. Nicholas Duncan-Williams ya kafa cocinsa a 1979, Mensa Otabil a 1984, Dag Heward-Mills a ƙarshen shekarun 1980. Tafiyarsu ta bambanta da ta tsofaffin majami'u ta wani muhimmin fanni. Limamin mishan yakan ce wa mai tsoron maye camfi ne kawai. Sabon fasto kuwa yakan ce mayen gaskiya ne, aljanin ruwa gaskiya ne, kuma sunan Yesu ya fi ƙarfinsu. Wani ɗan littafi na Emmanuel Eni ɗan Najeriya, wanda ya fito a 1987 yana ba da labarin yadda ya bauta wa aljanun teku kafin ya tuba, ya yi ta yawo hannu zuwa hannu a makarantun kwana. A irin wannan fahimta, wanda ya rufe ido yana rera wani suna baƙo ya buɗe wa shaiɗan ƙofa ne, maganinsa kuma addu'ar fitarwa ce da azumi. Abin da ƙanwar Mma ta kawo gidanmu ke nan. Ba ƙiyayya ta kawo ta ba. Ta yi imani da gaske cewa ɗan yayarta na cikin haɗari.

A 1989 gwamnati ta sa baki. Dokar PNDC mai lamba 221 ta wajabta wa kowace ƙungiyar addini ta yi rajista, kuma a watan Yuni na shekarar aka dakatar da Shaidun Jehobah da 'yan Mormon. Nan wani abu ya faru da ya cancanci a tuna. Majalisar Kiristoci ta Ghana, wadda aka kafa tun 1929, da Taron Bishop-bishop na Katolika suka ƙi yin rajistar. Su manya ne, da sun samu takarda cikin sauƙi, kuma ba su yarda da koyarwar waɗanda aka dakatar ba. Amma sun gane cewa hannun da ya rufe ɗakin ibadar wani yau zai iya rufe naka gobe. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. An ɗage wa 'yan Mormon takunkumin a ƙarshen 1990, kuma tsarin mulkin 1992 ya tabbatar wa kowa 'yancin addini. A ƙarƙashin wannan inuwa yaron gidanmu yake rera HU ɗinsa ba tare da ɗan sanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Tsarin mulkin ya kuma saki rediyo. Joy FM ta fara aiki a 1995, wasu tashoshi suka biyo baya, fili ya zama na mai kuɗi. Sabbin majami'u suka saye asuba da dare. Damuah ya rasu a 1992, magajinsa Osofo Kofi Ameve ya tarar da makirufo ya kuɓuce wa Afrikania. Finafinan bidiyo suka ƙara wa wutar mai, domin a cikinsu boka da mai ɗakin asiri kullum su ne mugaye, fasto kuma ya zo a ƙarshe ya ci nasara. Rikicin ya fito titi a ranar 31 ga Mayu 1998, lokacin da aka far wa cocin Lighthouse a Korle Gonno saboda ƙin bin dokar hana kiɗa da hayaniya ta wata guda da sarakunan Ga ke sawa gabanin bikin Homowo. An ji wa mutane rauni, an lalata dukiya.

Kada a ɗauka duk sukar da Kiristoci suka yi ta son zuciya ce. A wannan shekara ta 1998 majalisa ta haramta bautar gargajiya irin ta trokosi, inda ake kai yarinya gidan tsafi ta biya laifin da wani danginta ya aikata. Ƙungiyar Kirista ta International Needs Ghana na cikin waɗanda suka yi aikin 'yanta matan, Afrikania kuma ta tsaya tana kare gidajen tsafin. A nan gaskiya na wajen masu sukar. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar laifin trokosi a shafa wa malamin jami'ar da ke yin yoga a falonsa.

Akwai Kiristocin da suka bi wata hanya dabam. Bishop Peter Sarpong na Kumasi ya shafe shekaru yana shigar da ganga da rawa da tunanin Asante cikin ibadar Katolika. Farfesa Kwame Bediako, wanda ya kafa cibiyar Akrofi-Christaller a Akropong ya kuma rasu a 2008, ya ɗauki Afrikania a matsayin tambaya mai nauyi da coci ya kamata ya amsa: me ya sa limamin da ya yi shekaru a bakin bagadi ya ga cewa sai ya fita kafin ya zama cikakken ɗan Afirka? A watan Fabrairun 2003 fadar Vatikan ta fitar da takarda ta musamman kan ruhaniyar sabon zamani. Ba ta ɓoye saɓani ba. Ta nuna cewa Kirista na bauta wa Allah mai zati, wanda ake roƙo ya kuma amsa, ba wani ƙarfi da ke yawo cikin halitta ba, kuma imani da dawowar rai cikin wani jiki bai dace da imani da tashin matattu ba. Amma ta amince cewa ƙishirwar da ke kai mutane can ƙishirwa ce ta gaske, ta kuma ba da misali da hirar Yesu da Basamariya a bakin rijiya, inda ya fara da roƙon ruwa kafin ya yi mata magana kan rayuwarta.

Mu 'yan zango mun san zafin kuɗin goro. A kudancin Ghana kalmar malam ta koma nufin boka a bakin mutane da yawa, alhali a wurinmu malam shi ne wanda ya koya mana alif da ba. Wajen 2008 da 2009 da maganar damfarar intanet mai haɗe da tsafi ta cika jaridu, sunan da aka ba ta kalmarmu ce, sakawa, kuma Nima da Maamobi na cikin unguwannin da aka fi nunawa da yatsa. Wanda aka taɓa yi wa haka bai kamata ya yi dariya ba idan ya ji ana kiran maƙwabcinsa ɗan ƙungiyar asiri don kawai yana ibadar da ba a saba gani ba. Shi ya sa ziyarar da Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, ya kai cocin Christ the King ranar Ista ta 2019, yana gab da cika shekara ɗari, ta yi wa da yawanmu daɗi. Bai sauya aƙidarsa ba, Katolikan ma ba su sauya tasu ba, amma kowa ya ga an zauna.

Yanzu ni ke zaune a bayan makirufo, kuma tambayar kan dawo mini duk lokacin da za a tsara shirin addini. Idan na gayyaci fasto ya yi magana a kan masu yoga, shin na gayyaci ɗaya daga cikinsu ya amsa? Na taɓa yin hakan sau ɗaya. Wayoyi suka yi ta shigowa, wasu na zagina da cewa na ba wa shaiɗan kujera. Faston da ke cikin ɗakin shi ya tsawata musu. Ya ce shi bai yarda da ko kalma ɗaya ta abokin zamansa ba, amma ya fi son ya ji ta daga bakinsa da ya ji ta a bakin 'yan tsegumi.

A gidanmu kuwa, man zaitun bai sauya komai ba, sai ma yaron ya kwashe kayansa ya koma wajen abokinsa a Kotobabi. Bayan wata biyu Mma ta ɗaura zane ta bi shi da kwanon tuwon zafi da miyar ayoyo. Ta ce masa, “Ɗana, ban gane abin da kake yi ba, kuma ba zan daina yi maka addu'a ba. Amma ɗakinka na nan.” Ya dawo. Har yau bai bar hanyarsa ba, ita ma ba ta daina ambaton sunansa a gaban bagadi ba. Duk Lahadi shi ke ɗaukar ta a babur zuwa St. Kizito, ya jira a inuwa har a tashi. Mahaifina ya rasu yana kiransa mai zikirin asuba.